Kada Ka Ce "Na Yafe" Kafin Likita Ya Gama Magana

Ya kai mai karatu, idan mota ta buge mai keke a titunanmu, akwai kalmar da takan riga motar asibiti isowa wurin, wato "na yafe". Jama'a sun taru, direba ya fito jikinsa na rawa yana ba da haƙuri, dattawa suna cewa tsautsayi ne wanda ba ya wuce ranarsa. Shi kuwa wanda aka buge yana zaune a gefen kwalta yana share jini, kunya ta hana shi faɗin komai sai abin da ake jira ya faɗa. A cusa masa 'yan kuɗi a aljihu, a ce ya gyara keke ya sayi magani, kowa ya kama gabansa. Bayan mako uku, sa'ad da ƙafa ta ƙi taka ƙasa, likita kuma ya ce sai an yi aiki an sa ƙarfe, direba ya yi nisa, ba kuma wanda ya riƙe lambar motar.

Ra'ayina a kan wannan al'amari guda ɗaya ne. Neman diyya bayan hatsari wani ɓangare ne na jinya, domin da ita ake sayen magani, da ita ake ciyar da gida har mai rauni ya miƙe. Yafiya halin kirki ce, amma tana da lokacinta, kuma lokacin yana zuwa ne bayan mutum ya san girman abin da zai yafe. Idan raunin babba ne, neman shawarar lauya tun da wuri ba abin kunya ba ne, kamar yadda zuwa wurin likita ba abin kunya ba ne.

Jiki ba ya bayyana ciwonsa a rana ɗaya

Mai keke ba shi da ƙarfen da ya kewaye shi kamar mai mota. Jikinsa ne ke karɓar bugun farko, shi ne kuma ke karɓar na biyu idan ya faɗi a kan kwalta. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2023 ya nuna cewa kimanin mutum miliyan 1.19 ne ke rasa rayukansu a haɗurran hanya kowace shekara, kuma fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur. Waɗanda suka tsira da rauni sun ninka wannan adadi sau da yawa, su ne kuma wannan rubutu ya fi shafa.

Abin da ya sa gaggawar yafiya take da haɗari shi ne, a cikin sa'o'in farko tsoro da firgici suna danne zafin ciwo. Mutum yakan miƙe ya tura kekensa har gida alhali akwai ɓarna a cikin jikinsa. Wanda kansa ya bugu zai iya suma na ɗan lokaci, ya farfaɗo ya yi magana tiryan-tiryan, sannan bayan wasu sa'o'i ya fara amai da magagi, saboda jini yana taruwa a hankali tsakanin ƙoƙon kai da ƙwaƙwalwa. Ga dattijo, irin wannan taruwar jini kan ɗauki makonni kafin ta nuna kanta, sai iyali su ga ya fara mantuwa ko tangaɗi su ɗauka tsufa ne. Wanda ƙarfen kan keke ya daki cikinsa na iya samun rauni a saifa ko hanta ba tare da ɗigon jini ya fito waje ba. Wanda ya dafa ƙasa da tafin hannu yayin faɗuwa na iya karya wani ƙaramin ƙashi a wuyan hannu wanda sau da yawa ba ya fitowa a hoton farko, sai an sake ɗauka bayan kwana 10 zuwa 14.

Saboda haka asibiti ne farko, ko da kana jin garau. Idan aka ga amai, ko ciwon kai mai ƙaruwa, ko barci mai nauyi da wuyar tashi, ko ruwa ko jini na fita ta hanci ko kunne, ko ciwon ciki tare da jiri, ko wani sashen jiki ya mutu, to a koma asibiti a daren nan, kada a jira wayewar gari. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, a sashe na 20, ta haramta wa kowane asibiti ko ma'aikacin lafiya ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa bisa kowane dalili. Lambar kiran gaggawa ta Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ita ce 122.

Game da karaya, na san yawancinmu wurin mai ɗori muke fara zuwa, don sauƙin kuɗi da kuma sabo. Ka sani cewa ɗaurin da ya matse fiye da kima yana iya hana jini gudu har gaɓa ta ruɓe, kuma likitocin ƙashi a ƙasar nan sun sha yanke hannu ko ƙafar da asalin karayarta mai sauƙin gyara ce. Ban da wannan, mai ɗori ba ya rubuta rahoto. Idan ka je neman haƙƙinka daga baya, za a tambaye ka hoton ƙashi da takardar likita, kuma ɗaya ɓangaren zai iya cewa ɗorin ne ya nakasa ka, motarsa ba ta da hannu a ciki. Asibitin Ƙashi na Dala da ke Kano, wanda ke aiki tun 1959, da sauran manyan asibitocin jihohi suna da fayil ga kowane majinyaci. Wannan fayil yana yi wa lafiyarka aiki, yana kuma yi wa shari'arka aiki.

"Ai kuskure ne"

Hujjar da aka fi rufe bakin mai rauni da ita ita ce direban bai yi da gangan ba. Haka ne, da wuya a sami wanda ya fito daga gida da niyyar buge mai keke. Amma ai domin kuskure aka tanadi diyya tun asali. Aya ta 92 ta Suratun Nisa'i a kan kisan kuskure ta sauka, ta wajabta diyya ga iyalan mamaci, ta kuma bar musu zaɓin yin sadaka da ita idan sun so. Ka lura da tsarin: haƙƙi ya fara tabbata, sannan mai shi ya zaɓa.

Littafin Risala na Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ake karantawa a zaurukan malamanmu shekara da shekaru, ya yi bayanin wannan dalla-dalla. Diyyar rai raƙumi 100 ce, ko dinari 1,000 na zinariya, ko dirhami 12,000 na azurfa. Hannu ɗaya ko ƙafa ɗaya rabin diyya ne, kowane yatsa raƙumi 10, kowane haƙori raƙumi 5. Littafin ya ɗora wa mai kora dabba da mai jan ta da mahayinta alhakin abin da ta tattake, wanda shi ne mafi kusa da matsayin direba a yau. Akwai kuma hukuncin da ya fi dacewa da maganarmu: ba a ƙiyasta diyyar rauni sai bayan ya warke. Malaman fiƙihu sun gane fiye da shekara dubu da suka wuce cewa ba a sanin ƙarshen ciwo a ranar da aka ji shi. Mu ne muka zo muna yanke hukunci a bakin titi cikin minti goma.

Dokar ƙasa, wadda ta shafi kowa da kowa ba tare da la'akari da addini ba, ita ma ta ce duk wanda ya yi sakaci a tuƙi har ya cutar da wani, wajibi ne ya biya. Mai keke yana da haƙƙin amfani da titi kamar mai mota. Kotu tana duba asara iri biyu. Ta farko ita ce wadda ake iya lissafawa: kuɗin asibiti, magani, hoto, tiyata, gashin ƙashi, kuɗin mota zuwa asibiti, gyaran keke, da kuɗin shigar da aka rasa lokacin jinya. Wannan kashi sai da hujja ƙarara, wato rasit da takarda da shaida. Ta biyu ita ce wadda alƙali ke ƙiyastawa: azabar da aka sha, nakasar da ta rage, da raguwar ƙarfin neman abinci a gaba.

A ɗauki misali don lissafi. Mai sayar da burodi a kan keke yana samun ribar naira 5,000 a rana. Ƙashin ƙwaurinsa ya karye, irin karayar da kan ɗauki wata uku zuwa shida kafin ta haɗe. Idan ya yi kwana 120 a kwance, ya rasa naira 600,000 tun ba a zo maganar asibiti ba. Idan ya karɓi naira 50,000 a ranar hatsari ya ce ya yafe, wa zai cike ragowar? Matarsa za ta sayar da akuyarta da kayan ɗakinta, a cire yaro daga makaranta, a ci bashin da za a shekara ana biya. Yafiyar da ya yi da bakinsa, iyalinsa ne suka biya ta da cikinsu, kuma ba wanda ya shawarce su.

A nan ne ya kamata iyaye da 'yan'uwa su yi hattara. Idan wanda aka buge yaro ne a hanyar makaranta, diyyar tasa ce, amana ce a hannun mahaifinsa. Idan kuwa rai ya yi halinsa aka bar mata da marayu, kawu ko baffa ba shi da ikon tashi a zaman makoki ya ce "mun yafe" a madadin kowa. Zai iya yafe rabonsa idan yana da rabo. Rabon maraya ba ya kyautuwa a hannun wani.

Wa zai biya?

Mutane da yawa suna jin nauyin neman diyya domin suna ganin direban ma talaka ne, wataƙila motar ba tasa ba ce. Wannan tausayi yana da kyau, sai dai ya manta da abu biyu.

Na farko, inshora. Tun dokar 1945 aka wajabta wa kowace mota da ke hawa titi a Najeriya ta mallaki inshorar kare wanda aka cutar, kuma wajibcin yana nan har yau. Daga 1 ga Janairu 2023, hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta mayar da kuɗin wannan inshora naira 15,000 a shekara ga motar gida, tare da ɗaga abin da za a iya biya na ɓarnar dukiya zuwa naira miliyan 3. Raunin jiki da rasa rai kuwa su ne ainihin dalilin kafa ta. Babur da adaidaita sahu su ma suna da nasu kason. Daga 1 ga Fabrairu 2025 rundunar 'yan sanda ta fara tsaurara binciken takardar a kan hanya. Direbobi suna biyan wannan kuɗi kowace shekara, da yawansu suna ɗaukarsa takardar wuce shingen 'yan sanda kawai. Duk lokacin da mai rauni ya yi shiru, kamfanin inshora ne ya ci ribar shirun, direban bai ƙaru da komai ba. Gaskiya ne akwai takardun jabu a gari, shi ya sa ake da rumbun bayanai na kamfanonin inshora, NIID, inda ake shigar da lambar mota a ga ko inshorarta ta gaskiya ce.

Na biyu, mai motar. Idan direba yana bakin aikin ubangidansa ne ya yi sakaci, doka tana ɗora alhakin a kan ubangidan ma, ko mutum ne ko kamfani. Tirelar da ta buge ka tana da mai ita, motar rarraba kaya tana da kamfaninta. Wannan na daga cikin abubuwan da lauya ke ganowa a zaman farko, wanda iyali a cikin ruɗewa ba su cika tunawa da shi ba.

Ka kuma bambanta shari'ar laifi da ta neman haƙƙi. Idan 'yan sanda suka gurfanar da direba kan tuƙin ganganci aka ci shi tara, tarar aljihun gwamnati take shiga. Kotun na iya umartar a ba ka wani abu, amma cikakkiyar diyya da'awa ce ta daban wadda kai ne za ka ɗaga ta.

Abin da iyali za su riƙe tun ranar farko

Ba a fafe gora ranar tafiya. Mai rauni yana fama da kansa, saboda haka a wakilta mutum ɗaya mai natsuwa a cikin dangi ya ɗauki wannan nauyi. Ya rubuta lambar motar da launinta da sunan da ke jikinta. Ya ɗauki hoton wurin da waya tun ba a janye motar ba, da hoton keken, da na raunin, da na lasisin direba da takardar inshora idan an samu. Ya karɓi suna da lambar wayar mutum biyu ko uku da abin ya faru a kan idonsu, musamman masu shago ko masu sana'a a wurin, domin su ake iya komawa a tarar. Ya kai rahoto ofishin 'yan sanda mafi kusa, ya tabbatar an rubuta. Idan direban ya gudu, a tambayi gidajen mai da manyan shaguna na kusa ko suna da kyamarar tsaro, a yi hakan cikin kwana ɗaya ko biyu, domin na'urorin suna goge tsohon hoto da kansu.

Kada a yi saurin kai keken wurin mai gyara, domin inda ya lotsa yana nuna ta ina aka buge shi. A sami jaka guda a riƙa zuba kowane rasit, har na audugar naira ɗari biyu. Abin da ba shi da rasit, kamar kuɗin adaidaita sahu zuwa asibiti, a rubuta shi a littafi da kwanan wata. A nemi rahoton likita a rubuce, wanda ya bayyana irin raunin, da aikin da aka yi, da abin da ake hasashen zai rage.

Idan direba ko mai mota ya kawo kuɗin magani, a karɓa a yi godiya, wannan mutunci ne. Sai dai a rubuta a gaban shaidu cewa gudummawar jinya ce zuwa wannan rana. Abin da za a guje wa shi ne sa hannu ko dangwala yatsa a takardar da ta ce an biya ka duka kuma ba ka da sauran magana. Irin wannan takarda tana da wuyar warwarewa bayan an sa hannu, ko da ciwon ya dawo da sabon salo. Duk takardar da ba ka iya karantawa ba, ko aka ce ka yi sauri ka sa hannu, ka ce sai ka nuna wa wani. Sauri ya haifi nawa.

Yaushe ake neman lauya, kuma wane iri?

Ba kowane hatsari ne ke buƙatar lauya ba. Idan ƙujewa ce da lanƙwasar ƙafar keke, likita ya duba ya sallame ka, ku daidaita cikin mutunci kowa ya tafi. Amma idan akwai karaya, ko rauni a kai ko ƙashin baya, ko kwanciya asibiti, ko tiyata, ko alamar nakasa, ko rasa rai, ko motar ta kamfani ce ko ta gwamnati, ko an fara musun wanda ke da laifi, to ka nemi lauya a cikin makon farko ko na biyu.

Dalilin gaggawar shi ne doka tana da wa'adi. A jihohi da dama, shekara uku ne iyakar lokacin shigar da ƙarar raunin da sakaci ya jawo. Idan kuwa wanda za a ƙara jami'in gwamnati ne ko hukuma, akwai dokar kare jami'an gwamnati da ta taƙaita wa'adin zuwa wata uku kacal, kuma hukumomi da yawa sai an ba su sanarwa a rubuce kafin a kai su kotu. Wata uku na iya ƙarewa mutum yana kan gadon asibiti. Kamfanin inshora shi ma yana da lokacin da dole a sanar da shi. Don haka lauya yakan fara aikinsa tun ana jinya, ya aika wasiƙu, ya tsare hujjoji, sannan ya jira rahoton ƙarshe na likita kafin a tsayar da adadi.

Wajen zaɓe, ka nemi wanda ya taɓa yin shari'ar hatsari da ta inshora, domin lauyoyi ma kamar likitoci suke, kowa da fanninsa. Ka je ofishinsa da ƙafarka ko ka tura wakili. Lauya na gaskiya yana da lambar rajista a Kotun Ƙoli da hatimin Ƙungiyar Lauyoyi ta Najeriya, kuma reshen ƙungiyar na garinku zai iya tabbatar maka da shi. Ka yi hattara da wanda ya biyo ka har gadon asibiti yana talla, ko wanda ya yi maka alkawarin miliyoyi tun bai ga fayil ba. Ka tambaye shi ƙarfin da'awarka da rauninta, da tsawon lokacin da yake hasashe, da wanda zai biya kuɗin shigar da ƙara da na rahoton likita.

Maganar ladansa a yi ta tun farko, a kuma rubuta. Ƙa'idojin aikin lauya a Najeriya sun halatta yarjejeniyar da lauya zai karɓi kaso daga abin da aka samu a shari'ar neman haƙƙi, muddin kason bai wuce hankali ba. A fayyace kaso nawa ne, da ko kafin cire ɗawainiya za a lissafa ko bayanta, da abin da zai faru idan ba a samu komai ba. A rubuta cewa ba zai amince da wani sulhu ba sai da yardarka. Wanda ba shi da hali kuwa, akwai hukumar tarayya mai ba da lauya kyauta, Legal Aid Council, da aka kafa a 1976, mai ofis a jihohi. Dokarta ta 2011 ta haɗa da da'awar haɗurra, kuma an tanade ta ne domin masu ƙaramin ƙarfi.

Kai ma akwai abin da ke kanka. Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Idan ka bi hannun da ba naka ba, ko kana tafe da dare ba fitila, ko birkinka ba ya ci, ka faɗa wa lauyanka tun farko. Samun kaso na laifi ba ya soke haƙƙinka gaba ɗaya, kotu tana rage diyyar ne gwargwadon kasonka. Amma kada ka ƙara wa ciwonka gishiri, kada ka nemi rasit na abin da ba ka saya ba. Wanda ya fito neman haƙƙinsa ya haɗa da na wani ya zama azzalumi shi ma, kuma ƙarya guda da aka kama tana iya rusa gaskiya goma a gaban alƙali.

Ga masu cewa kotu ɓata lokaci ce

Wannan ƙorafi yana da gaskiya a cikinsa. Shari'a a ƙasar nan tana iya ɗaukar shekaru, ana ɗagewa ana sake ɗagewa, mai rauni yana jan ƙafa zuwa kotu. Ba zan ce maka hanyar mai sauƙi ce ba. Sai dai ɗaukar lauya ba shi ne shiga kotu ba. Sau da yawa wasiƙa ɗaya mai ɗauke da rahoton likita da lissafin kuɗi ta isa ta sa mai mota ko kamfanin inshora ya zauna a teburin sulhu. Kano tana da cibiyar sulhu a ƙarƙashin babbar kotu tun 2009, wasu jihohin ma suna da irinta, kuma yarjejeniyar da aka cimma a can alƙali yana iya amincewa da ita ta zama kamar hukunci. Ko a zauren mai unguwa ko na liman za a zauna, wanda ya zo da takardunsa ya san ƙimar asararsa ba a yi masa sulhun da za a yi wa wanda ya zo hannu rabbana.

Akwai kuma masu cewa neman diyya rashin tawakkali ne. Ai ƙaddara ce ta kawo ciwon, amma ba mu ƙi shan magani ba. Yarda da ƙaddara yana hana mutum ɗaukar doka a hannunsa, ya hana dukan direba da ƙona mota, abin da ba ya warkar da kowa kuma yake mayar da mai gaskiya mai laifi. Bai hana mutum karɓar abin da shari'a ta ba shi ba. Bayan haka, al'amarin ya wuce mutum ɗaya. Direban da ya san cewa buge mai keke naira dubu kaɗan ce da ban haƙuri ba shi da dalilin rage gudu gobe. Kamfanin da aka sa ya biya sau ɗaya zai gyara birkin motocinsa, ya daina tura direba tafiyar dare ba barci. Wanda ya nemi haƙƙinsa bisa ƙa'ida ya kare yaron maƙwabcinsa da zai hau keke a titin nan gobe.

To, ya kai mai karatu, idan wannan jarrabawa ta faɗo gidanku, ku bi abubuwa daki-daki. A kai mai rauni asibiti, a tattara hujja, a nemi shawarar masanin doka, a jira likita ya faɗi kalmarsa ta ƙarshe, a zauna da iyali a yi lissafi. Bayan nan, idan ka duba ka ga direban ba shi da ko sisi, ba inshora, ba ubangida, kai kuma kana da halin ɗaukar nauyin, ka yafe duka ko rabi da zuciya ɗaya, ladanka yana wurin Allah. Idan kuwa abincin 'ya'yanka ne a ciki, ka karɓi haƙƙinka ba tare da sunkuyar da kai ba. Allah Ya kiyaye mu a hanya, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.